Tambaya da Amsa: Farar Shadda Ta Ƙone a Hoto, Fuska Kuma Ta Yi Duhu

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin gyaran hoto. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu kan abu ɗaya suke zagayawa, wato maskin haske, dabarar gyara wuraren haske ko na duhu a hoto ba tare da an taɓa sauran ba, shi yasa na tattaro su wuri guda. Wanda bai ga tasa tambayar ba yayi haƙuri, tana nan a layi.

Tambaya: Slm Malam, fatan kana lafiya. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Kano, matsalata itace in na ɗauki ango a waje bayan ɗaurin aure, lokacin rana ta take, farar shaddarsa sai tayi fari fat har aikin wuyan baya fitowa, in na rage hasken hoton a Photoshop sai fuskarsa da ta abokansa suyi duhu, in kuma na bi rigar da burushi sai gefenta yayi wani zobe kowa ya gane an taɓa. Wani abokin aiki yace min maskin luminositi ne maganin abin amma shima bai iya ba. Dan Allah a taimaka ayi min bayani dalla-dalla.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka gaskiya ya faɗa maka. Mu fara da shi maskin kansa don kar in yi ta zuba kana bin baya. Maski wani hoto ne baƙi da fari da ake mannawa a jikin leya, wato shimfiɗar gyara da ake ɗorawa a kan hoto, duk inda yake fari gyaran da kayi zai kama, inda yake baƙi ba zai kama ba, inda yake toka-toka kuma ya kama kaɗan gwargwadon hasken tokar. Kamar dai yadda mai ƙunshi take manna salatif a inda bata so lalle ya kama, sai dai shi wannan yana da rabi da kwata. Toh abinda kake yi yanzu shine kana zana maskin da hannunka, kuma hannun ɗan adam ba zai iya bin gefen riga da zaren aiki ɗaya bayan ɗaya ba, shi yasa zoben yake fitowa. A maskin haske kuwa, wato luminositin da abokinka ya faɗa, hoton ne da kansa yake zama maskin. Ko wane fiksel, wato ɗan ƙanƙanin ɗigon da irinsa suke haɗuwa su zama hoto, yana da lamba daga 0 wato baƙi ƙirin zuwa 255 wato fari fat, shaddar angonka tana can sama kusa da ƙarshe, fuskarsa kuma tana ƙasa nesa da ita, don haka in kace wa kwamfuta ta zaɓo maka masu haske kawai ai ta raba maka riga da fuska ba tare da ka ja layi ko ɗaya ba. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoton duwatsu da daji, Tony Kuyper, shine ya yaɗa wannan dabarar da bayanin da ya wallafa a 2006, tun daga nan ta zama ruwan dare wajen masu gyaran hoto.

Ga yadda zakayi. Ka buɗe hoton a Photoshop, ka shiga Window ka zaɓi Channels. Zakaga guda 4 a jere, RGB a sama sai ja da kore da shuɗi. Ka riƙe Ctrl ka danna ɗan hoton dake gefen RGB, ko kuma ka danna Ctrl da Alt da 2 lokaci guda, duk abu ɗaya ne. Masu Mac su sa Cmd a madadin Ctrl, Option a madadin Alt. Nan take zakaga ɗigo-ɗigo suna motsi a kan wuraren haske. A ƙasan tagar akwai wani ɗan madanni mai murabba'i da da'ira a ciki, ka danna shi zai ajiye maka zaɓin a matsayin sabon canel, ka sa masa suna Haske 1.

Amma Haske 1 yayi faɗi da yawa, don ko fuskar ma tana ciki kaɗan, in ka rage haske ta cikinsa fuskar zata ɗan bi. Sai a matse shi. Kar ka sauke zaɓin, ka riƙe Ctrl da Alt da Shift gaba ɗaya ka danna ɗan hoton Haske 1, ka sake ajiyewa ka kira shi Haske 2, ka sake yin haka a kan Haske 2 ka samu Haske 3. Abinda ke faruwa a nan lissafi ne mai sauƙi, maskin ake ninkawa da kansa. Wurin da aka zaɓa kashi 50 cikin 100 zai koma 25 a Haske 2, a Haske 3 kuma ya koma wajen 6, kusan babu kenan, shi kuwa wurin da yake kashi 90 zai koma 81 sannan wajen 66. Kaga masu tsaka-tsakin haske suna zubewa da sauri, masu tsananin haske suna nan. Ka danna ko wanne ka kalle shi da idonka, wanda kaga rigar tayi fari a ciki fuskar kuma tayi baƙi shine naka, ba dole sai na 3 ba, hoto ne yake faɗa.

Daga nan ka riƙe Ctrl ka danna wanda ka zaɓa, ka koma kan RGB, ka dawo wajen leyoyi ka ƙara leyar Curves, wato mai layin da ake ja a ƙara haske ko a rage. Photoshop da kansa zai ɗauki zaɓin ya mayar dashi maskin wannan leyar. Ka ja layin Curves ƙasa a hankali kana kallon rigar, zakaga saƙar shaddar da aikin wuyan suna dawowa fuska kuma tana nan yadda take. In kanaso kaga maskin ka riƙe Alt ka danna shi, in kaga yana buƙatar ƙarin matsewa ka danna Ctrl da L ka gyara shi nan take.

Saura abu ɗaya da mutane suke mantawa. Maskin bai san riga ba, haske kawai ya sani, don haka zai kama sararin sama da farin bango da farar mota har da haƙora da farin ido. Maganinsa ka zaɓi leyar Curves ɗin ka danna Ctrl da G ta shiga guruf, ka riƙe Alt ka danna madannin ƙara maski don guruf ɗin ya samu baƙin maski, sannan ka ɗauki burushi mai laushi da farin launi ka shafa kan rigar kawai. Ko hannunka ya zarce gefe ba komai, maskin ciki ya riga ya tsare gefen, zoben nan ba zaka sake ganinsa ba insha Allah. Kuma dan Allah kar ka rage har farar shadda ta koma ruwan toka, fari aka saya, fari ya kamata ta fito, saƙar kawai muke nema.

Na duhu kuwa juyawa kawai ake, ka ɗauko Haske 1 ka danna Ctrl da Shift da I ka ajiye a matsayin Duhu 1, sauran matsewar duk iri ɗaya ce.

Tambaya: Malam barka da aiki, ɗalibinka ne daga Zariya. Na gwada yin maskin tsakiya, na wuraren da basu yi haske sosai ba kuma basu yi duhu sosai ba, yadda na gani a wani bidiyo sai kwamfuta ta fito min da gargaɗi wai babu fiksel ɗin da aka zaɓa fiye da kashi 50, kuma banga komai a kan hoton ba, sai na soke. Ko Photoshop ɗina ne ya samu matsala?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau ƙanina, da ka danna OK kawai ka ci gaba. Ɗigo-ɗigon nan masu motsi basa nuna komai sai wurin da aka zaɓa fiye da rabi, shi kuma maskin tsakiya na farko ko a inda yafi ƙarfi kashi 25 ne kawai, don haka zaɓin yana nan ido ne baya ganinsa. Ka ajiye shi a canel zakaga hoto mai duhu-duhu ya fito, shine.

Ga wanda bai san yadda ake yinsa ba, Ctrl da A ka zaɓi hoton duka, sai ka riƙe Ctrl da Alt ka danna Haske 1, ka sake riƙewa ka danna Duhu 1, wato ka ɗebe masu haske ka ɗebe masu duhu abinda ya rage shine tsakiya. In kanaso yafi ƙarfi ka ɗebe Haske 2 da Duhu 2 a maimakonsu. Ni a wajena wannan maskin yafi sauran daɗin aiki lokacin hunturu, sanda hazo yake sa hoto yayi fari-fari ba armashi, ko hoton hawan sallah da ƙurar dawaki ta tashi. In ka ƙara bambancin haske da duhu a hoton gaba ɗaya, farin rawani zai ƙone baƙin doki kuma ya toshe, amma in ka lanƙwasa Curves ta cikin maskin tsakiya sai kayan doki da fuskokin mahaya su fito ras, can sama da can ƙasa basu motsa sosai ba.

Tambaya: Salam Yaya, daga Damagaram nake. Ina saida atamfa da leshi a WhatsApp da Instagram, ni nake ɗaukar hoton kayana da waya, fararen leshi basa fitowa da kyau. Bani da Photoshop, kwamfutar ma ta ƙanina ce sai ya bani aro. Akwai yadda zanyi?

Amsa: Akwai ƙanwata, Allah ya sa albarka a kasuwa. A waya Lightroom yana da shi a shirye, ki shiga wajen Masking ki zaɓi Luminance Range, ki taɓa wurin da yayi haske a jikin leshin, sai ki ja ma'aunin har kiga jan launin da yake nuna zaɓi ya tsaya a kan leshin kawai, daga nan ki rage haske. Sai dai wannan ɓangaren na masu biyan kuɗin wata-wata ne. Snapseed kyauta ne, bashi da maskin haske na sosai amma ma'aunin Highlights ɗinsa wuraren haske yake taɓawa, in kin ja shi ƙasa sau da yawa ya wadatar ga hoton kaya.

Ranar da kika samu aron kwamfuta kuma ki sauke GIMP, kyauta ne ba a biyan ko sisi. Ki kwafi leyar hoton ta zama biyu, ki danna dama a kan ta saman ki zaɓi Add Layer Mask, a cikin jerin da zai fito ki zaɓi Grayscale copy of layer, shikenan kin samu Haske 1. Sai ki danna kan hoton leyar ba kan maskin ba, ki shiga Colors ki rage haske da Curves. Ki kula da jerin, maski tukuna sannan rage haske, in kika juya maskin zai fito daga hoton da kika riga kika duhunta. Akwai kuma Photopea da yake aiki a cikin birauza ba sai an sauke komai ba, tsarinsa kusan irin na Photoshop ne. Amma tsakani da Allah ga mai saida kaya abinda yafi duk wannan shine ki shimfiɗa leshin a inuwa kusa da ƙofa ko taga, ki taɓa kan leshin a fuskar wayar ki ɗan ja hasken ƙasa kafin ki ɗauka, don kwastoma launin gaskiya take son gani, in kaya suka iso ba yadda ta gani a hoto ba ke zata kira.

Tambaya: Oga na bi duk matakan nan tun kafin yau, maskin yayi kyau amma da na rage haske sai rigar tayi wani toka-toka shafal ba saƙa ba aiki ba komai. Hoton wani kwastoma ne ya turo min ta WhatsApp yace in gyara. Daga Jos.

Amsa: Toh ɗan'uwa nan ne iyakar maskin haske, kuma gara in faɗa maka gaskiya. Maski baya ƙirƙiro abinda kyamara bata ɗauka ba. In wuri ya kai 255 a ja da kore da shuɗi duka, babu wani bayani a wurin, fari ne zalla, in ka rage shi toka zalla zaka samu. Kafin ka ɓata lokaci ka danna F8 tagar Info ta fito, ka ɗora linzami kan rigar ka karanta lambobin. In kaga irin su 240 ko 248 suna canzawa in ka matsa, akwai abin cetowa. In 255 ne ko ina ka kira mai hoton ka gaya masa tun wuri. Sannan hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi an rage girmansa, kace ya sake turowa a matsayin dokumen daga wayar ko kyamarar da aka ɗauka.

Ga masu kyamara kuma wannan shine dalilin da yasa nake nacin a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba. JPEG bit 8 ne, matakin haske 256 a ko wane launi, RAW kuwa yawanci bit 12 ne ko 14, wato mataki 4096 ko 16384, kuma sau da yawa wurin da ya ƙone a JPEG yana nan da sauran rai a RAW ɗin. Har wata dabara ake yi, ka fitar da RAW ɗaya sau biyu, ɗaya ka daidaita shi don fuska ɗaya ka duhunta shi don riga, ka ɗora mai duhun a sama ka bashi maskin Haske 2 ko 3 da ka ciro daga mai hasken. A wajen ɗauka kuma ka kunna gargaɗin nan da yake sa wurin da ya ƙone ya rinƙa ƙiftawa a bayan kyamara, in kaga rigar tana ƙiftawa ka rage haske kaɗan, ko ka ja ango inuwa, ko ka cika fuskar da filasha. Nasan a ƙofar masallaci ana turereniya ba kullum ake samun sarari ba, amma ɗago fuska da tayi ɗan duhu a RAW yafi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman rigar da ta riga ta tafi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani situdiyo a Kaduna, ni ce mai gyaran hotunan amare. Abu biyu ne, goshi da hanci suna ƙyalli saboda fitila da gumi, sannan wasu dangin amarya sai suce a ƙara mata haske sosai. Maskin nan zai yi min?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ƙyallin zai yi miki sosai. Ki ɗauko Haske 2 ko 3, wanda ya kama ƙyallin ya bar sauran fata, ki buɗe sabuwar leya ba komai a ciki, ki danna Ctrl da H don ɗigo-ɗigon su ɓuya amma zaɓin yana aiki. Ki ɗauki burushi mai laushi, ki riƙe Alt ki ɗebo launin fatar daga gefen wurin da yake ƙyallin, ki rage ƙarfin burushin zuwa kamar kashi 10 ko 15 ki rinƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Launin zai zauna a kan ƙyallin kawai. Sai dai kar ki kashe shi duka, a baƙar fata wannan ɗan hasken na kan kunci da karan hanci shine yake fito da siffar fuska, in kika shafe shi fuskar zata koma shafal kamar an zana. In kin gama kar ki manta Ctrl da D ki sauke zaɓin, don tunda a ɓoye yake zaki iya ci gaba da aiki kina mamakin me yasa burushi baya kamawa.

In fuska ce ta faɗa inuwa, misali ƙarƙashin mayafi ko goggoro, ki ɗauko Duhu 2 ki ɗebe Duhu 4 daga ciki don gira da gashin ido da kwalli su zauna da baƙinsu, sannan ki ɗaga Curves kaɗan. In kinga launin fatar yana sauyawa ki mayar da yanayin haɗin leyar zuwa Luminosity. Wannan gyaran haske ne, kina dawo da abinda idonki ya gani a wurin.

Na biyun kuwa, ni ra'ayina a fili yake, bana so. Haska fuskar da inuwa ta rufe daban, mayar da baƙar yarinya fara daban. Ta wajen aiki ma baya kyau, fatar tana yin fari-fari kamar an shafa toka, yashi-yashi ya fito a wuraren da suke da duhu, wuya da hannu kuma su tona asiri. Kuma hoton biki abin ajiya ne, 'ya'yanta zasu gani, ya kamata su gane mahaifiyarsu. Nasan ke ma'aikaciya ce ba ke ke da situdiyon ba, kuma mai biya yana da magana, amma ki gwada wannan, ki gyara guda ɗaya da launinta na gaskiya, haske ya zauna daidai, leshi da duwatsun jikinsa sun fito, ki nuna wa ita amaryar da kanta kafin 'yan rakiya su sa baki. Baƙar fata in aka bata haskenta daidai ba abinda ya kaita kyau a hoto.

Tambaya: Malam ni sararin sama ne yake min layi-layi hawa-hawa bayan nayi amfani da maskin. Kuma naga ana tallan wasu fanel da ake saya, sai dasu ne aiki yake kyau? Daga Sakkwato.

Amsa: Layi-layin daga ƙarancin matakan haske yake zuwa. Ka fara aikin a bit 16 tun daga buɗe RAW ɗin, sannan ka sani shi zaɓi mai ɗigo-ɗigo bit 8 ne ko da fayil ɗinka 16 ne, don haka a wuri mai santsi irin sama gara ka tsallake shi. Ka ƙara leyar Curves, ka danna kan farin maskinta, ka shiga Image ka zaɓi Apply Image, leya ka barta a Merged canel kuma RGB, yanayin haɗi Multiply, kace OK. Ka samu Haske 1 kai tsaye a kan maskin ba tare da ka bi ta zaɓi ba. In ka maimaita sai ya ƙara matsewa, in na duhu kake so ka sa alama a Invert. Kayi wannan kafin ka taɓa layin Curves ɗin.

Fanel kuwa, wato ƙananan manhajoji da ake ƙarawa a Photoshop su fito maka da maskin, akwai masu kyau, TK na shi Tony Kuyper ɗin, da Lumenzia na Greg Benz, da Raya Pro na Jimmy McIntyre, amma abinda suke yi shine wannan da muka yi yanzu, saurin ne kawai ya bambanta da wasu ƙarin dabaru. Mai gyara hoto ɗari a sati zai ga amfaninsu. Kai da kake koyo ka fara yi da hannu har ka gane me yake faruwa, sannan ka buɗe tagar Actions ka naɗi matakan sau ɗaya, daga ranar dannawa ɗaya zata fito maka da su duka a ko wane hoto. Abu biyu zaka kiyaye, maskin hoton wannan lokacin ne da ka ciro shi, in daga baya ka goge wani abu a hoton ko ka matsar dashi sai ka sake ciro sabo, don haka ka gama share-sharenka tukuna. Sannan canel ɗin da ka tara suna ƙara wa fayil nauyi sosai, in ka gama ka goge waɗanda baka yi amfani dasu ba kafin ka ajiye, waɗanda suke jikin leyoyi suna nan ba abinda zai same su.